Shawara: Fijon Baba tana zubar da ruwa a cikin gida, Yaya kuma ya ce a sayar

Wani matashi ne ya turo min wannan saƙo daga Gusau, na ɗan rage masa tsawo amma ban canza maganarsa ba.

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nike nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙanshi ya rasu bara, ya bar muna Fijo 504 da ya saye tun 1984, ni ka hawanta ina kai Inna asibiti da gidajen 'yan'uwa. To tun da sanyin ga ya shigo in na kunna hita da safe sai gilashin gaba ya rufe da tururi, kafet ɗin gefen da Inna ke zama kullum a jiƙe da jan ruwa, kuma duk kwana biyu sai na ƙara ruwa a lagireto. Makanikinmu ya ce abin banza ne, a yanke tiyo a haɗa dairek a manta da hita, wa ke buƙatar hita a Zamfara. Yayanmu kuma ya ce wagga mota ta zama cin kuɗi, a sayar ma 'yan gwangwan a raba kuɗin kowa ya huta. Ni kau wallahi ban iya kallon a sassare motar Baba. Har mun fara samun saɓani da shi, Inna ta yi shiru amma na san abin na damunta. Mi zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar Inna.

Kafin komai, daga yau kar ka sake ɗaukar Inna a gidan gaba har sai an tsayar da wannan yoyon, dan Allah ka ji wannan da kyau. Ruwan da ke zuba a ƙafarta ruwan injin ne, in mota ta yi zafi yana kusa da tafasa kuma a matse yake, yanzu ɗiga yake yi amma ƙarfen da ya fara ɗiga ranar da zai buɗe gaba ɗaya ba ya sallama, kuma ƙafar wanda ke zaune a wurin zai fara samu. Tururin nan da ke rufe maka gilashi shi ma ba abin wasa bane a kan titi da sassafe ga 'yan makaranta ga masu babur.

Toh yanzu bari in gaya maka abin da ya lalace, don ina ganin rabin rigimarku da Yaya rashin sanin girman matsalar ne, shi yana ganin injin ne ke mutuwa kai kuma tsoro ya hana ka tambaya. A bayan dashbod akwai wani akwati, a cikinsa akwai ɗan ƙaramin lagireto wanda bai wuce girman littafi ba. Tiyo biyu ne ke zuwa masa daga injin ta cikin bangon da ya raba injin da cikin mota, ɗaya na kawo ruwan zafi ɗaya na mayarwa, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa sai iskar ta fito da ɗumi. Shikenan hitar. Ba ta da wata wuta tata, zafin injin take ara. Idan wannan ƙaramin lagireton ya huje, ko bakin tiyonsa, ko ɗan famfon da ke buɗe masa ruwa, sai ka ga duk abubuwan nan uku da ka lissafa, kafet a jiƙe, gilashi ya yi hazo, ruwa na raguwa. A cikin cututtukan tsohuwar mota wannan ƙarami ne, ba abin da za a kai mota gwangwan a kansa bane. 504 mota ce da aka fara yi a Faransa a 1968, ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai a 1969, aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 kuma aka ci gaba da fitar da ita a ƙasar nan har bayan shekarar 2000, wato kayanta da masu sanin hannunta ba su ƙare ba.

Amma akwai abin da ya fi hitar damuna a saƙonka, kalma biyu ce, jan ruwa. Ruwan da ke cikin injin mai lafiya ba ja bane, sai dai in jan kulan aka zuba, wato ruwan lagireto na galan mai maganin tsatsa. Jan nan tsatsa ce, kuma tana gaya min shekara da shekaru ruwan rijiya ko na bohol zalla ake ɗura wa motar nan ba kulan. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa na sama alminiyom, lagireto da hita kuma a irin waɗannan tsofaffin yawanci jan ƙarfe ne da tagulla da aka like da dalma. Ƙarafa iri iri a cikin ruwa ɗaya mai zafi ba maganin tsatsa, cin juna suke yi a hankali. Ga kuma farin dattin da ruwan bohol ke bari, irin wanda kake gani ya daskare a gindin butar mai shayi, shi ne ke toshe 'yan siraran hanyoyin cikin hita. Hitar ce ta fara faɗuwa don ita ce mafi siririn ƙarfe, amma abin da ya cinye ta yana nan yana cin wata-famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa a injin, da babban lagireto da kan injin. In ka gyara hita ka ci gaba da zuba ruwan rijiya ka yi aikin baban giwa.

Maganar makanikinku ba ƙarya bace, rabin gaskiya ce. Haɗa dairek ɗin shi ne daidai a wannan satin, ni ma shi zan ce a yi maka gobe da safe don a tsayar da yoyon cikin gida, amma a yi shi da kyau. A cire tiyo biyun daga jikin bango, a haɗa su da guntun bututun ƙarfe mai daidai faɗinsu, a ɗaure kowane gefe da kilif mai noti, a tabbata tiyon bai lanƙwashe ya shaƙe ba kuma bai kwanta a kan salansa ko kusa da fanbel ba. Kar ka yarda a cusa tsohon fulogi ko guntun icce a ɗaure da waya ko robar tayar babur, irin wannan ne ke tsinkewa a hanya, kuma ni da kai mun san hanyar Gusau zuwa Tsafe ko ta Talata Mafara ba inda mutum zai so mota ta tsaya masa da yamma bane a wannan zamani. Bakin bututun hitar biyu da suka rage a buɗe a toshe su da leda a ɗaure, in ba haka ba ƙurar hunturu da zanzaro za su cika su da ƙasa.

Inda na rabu da shi shi ne cewa a manta da ita. Mutumin da bai taɓa fita Gusau ƙarfe shida na safe a watan Janairu da tsohuwa a mota ba shi ke cewa ba a buƙatar hita. Sannan a watan Agusta in ruwan sama ya tsuge ka rufe gilasai, iskar ɗumin nan ce ke share maka gilashin gaba, in babu ita sai dai tsumma a hannu ana tuƙi ana gogewa. Kuma tsofaffin direbobi sun san wani amfanin, in allurar zafi ta fara hawa a go-sulo ka buɗe hita zuwa ƙarshe ka kunna fanka, tana janye wani zafin daga injin har ka samu wurin tsayawa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya a dashbod a duba abu ɗaya, shi ne zai yanke hukuncin ko Yaya na da gaskiya. Da safe injin na da sanyi ka buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa, ka tayar da mota ka tsaya kana kallon bakin. In ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa, ko ruwa na tunkuɗowa tun injin bai ɗumama ba, to gasket ɗin kan injin ya ƙone iskar cikin silinda na shiga ruwa, kuma wannan matsin ne ma kan fasa hita. Ka zaro sandar gwajin mai, ka duba ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai, in ka ga ya koma fari fari ya yi kauri ruwa ya shiga mai. Ka duba salansa ko tana fitar da farin hayaƙi mai yawa bayan injin ya yi zafi, ba ɗan tururin sanyin safe ba. Injin 504 silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune kai tsaye, in ya sha zafi sosai ruwa kan samu hanya ya gangara cikin mai. In duk waɗannan babu, alhamdulillahi, matsalarka ƙarama ce. In akwai to aikin ya girma, a fara da injin, hita ta jira, kuma ka gaya wa Yaya gaskiya kar ka ɓoye. Kuma dan Allah ko da wasa kar ka buɗe murfin nan injin na da zafi.

Yanzu cire ta. Aikin ba na ƙarfi bane, na haƙuri ne, shi yasa ma makanikai da yawa ba sa sonsa, yini guda zai ci kuma kuɗinsa kaɗan. In kana da hannu za ka iya yi da kanka a gida a inuwa, in kuma za ka ba wani to ka zauna a wurin, kar ka bar mota ka tafi a ba yaran shago su yi ta ɓalle ɓalle. Robobin dashbod ɗin nan shekara 40 suna shan ranar Zamfara, sun bushe ƙamas, abin da ya karye ba lallai ka samu irinsa ba sai ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka yi ta yawo.

Injin ya kwana ya huce. Ka cire kan batir na nagetif tukunna don za ka yi ta cusa hannu da sukudireba a cikin wayoyi. Ka tura madannin hita zuwa wajen zafi don famfon ya buɗe, ka sa baho a ƙasa ka sauke ruwan ta tiyon ƙasa na lagireto. In an taɓa zuba kulan a ciki kar ka bar bahon a tsakar gida, yana da zaƙi zaƙi kuma guba ne, akuya da kyanwa da kaji suna sha su mutu, yaro ma haka yake lalata ƙoda. Ka shimfiɗa leda da tsummoki a ƙasan gidan gaba.

Wayarka ita ce babban kayan aikinka. Kafin ka taɓa kowace waya ko kebur ka ɗauki hoto, ka liƙa mata ɗan salatif ka rubuta lamba, a inda ta fito ma ka rubuta lambar. Kowane sukuru da ka kwance ka soke shi a jikin kwali ka rubuta daga inda ya fito, don ba tsawonsu ɗaya ba, in ka mayar da dogo a wurin gajere zai iya huda abin da ke bayansa. Na san za ka ce zan tuna. Ba za ka tuna ba, bayan kwana uku duk kama suke.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne tiyo biyun nan. Sun shekara da shekaru a manne, mutum sai ya kama da filaya ya murɗa ya fizga, bututun da ke ciki kuma tagulla ce mai laushi da dalma kawai ta riƙe, sai ya lotse ko ya tsinke daga gindi, hitar da ƙila bakin tiyo ne kawai matsalarta sai a kashe ta wajen cirewa. Ka kwance kilif, ka sa reza ka tsaga tiyon a tsaye a hankali, ka ɓare shi. Dama sabo za ka saka, kar ka ji tausayinsa. Sannan ka sa guntun tiyo a baki ɗaya ka hura da famfon keke, sauran ruwan da ya kwanta ya fita ta ɗayan bakin tun a waje, in ba haka ba a kan kafet zai ƙare lokacin da ka karkata akwatin.

A ciki za ka cire abin da ya tare akwatin, rediyo da murfin tsakiya da aljihun dashbod in ya tare hanya, ka saki keburan da ke jan ƙofofin iska da na famfo, ƙananan kilif ne ke riƙe su kuma suna da tsalle, ka sa yatsa a kai kafin ka ɓalle. Ka zare bututun iska masu zuwa gilashi, ka cire filogin fanka, ka kwance notocin da suka riƙe akwatin. In ka ja ka ji ya ƙi, kar ka ƙara ƙarfi, akwai sauran noti ɗaya da baka gani ba, ka sa tocilan da ɗan madubi ka nemo shi. In ya fito ka kai shi kan tabarma ka buɗe a hankali, kar ka yi mamaki in ka tarar da sheƙar ɓera da busasshen ganye da soson da ya zama gari. Ka ɗauki hoton yadda hitar ke zaune kafin ka zaro ta.

Ka duba ta da ido tukunna. Inda ka ga kore kore ko farin gishiri ya taru nan ne yoyon. Ka duba famfon ma sosai, sau da yawa shi ne mai laifi ba hitar ba, robar cikinsa ce ta mutu ruwa ke bin jiki yana gangarowa, in haka ne ka tsira da kuɗi kaɗan.

Wanki kuma ta baya ake yi, wato ka sa ruwa ta bakin da yake fita ya fito ta bakin da yake shiga, don dattin ya koma ta hanyar da ya shigo. Tiyon famfon gida ya isa, kar ka kai wurin masu wankin mota su sa mata injin feshi. Za ka ga jan laka na fita, ka ci gaba har ruwa ya yi fari. Daga nan ka cika ta da binega, ko garin tsamin nan da masu zobo ke saye ka jiƙa a ruwan ɗumi, ka bar ta wasu awanni, ka zubar ka ɗauraye da ruwa mai yawa sosai don kar tsamin ya kwana a ciki. Kar ka bari kowa ya zuba mata asid ɗin batir ko sodar da ake yin sabulu, suna wankewa da sauri amma da ƙarfen suke tafiya, in ma ta alminiyom ce aka taɓa canzawa soda narkar da ita take yi. Zan faɗa maka tun yanzu don kar ranka ya ɓaci, sau da yawa bayan wanki yoyon ƙaruwa yake yi. Ba wankin ne ya huda ta ba, dattin ne dama ya toshe ramukan, gara su bayyana a baho da su bayyana a ƙafar Inna.

Gwajin shi ne ka toshe baki ɗaya, ɗayan ka ɗaura masa guntun tiyo da bawul ɗin tsohon tib, ka nutsa ta a baho ka ba ta iska da famfon keke kaɗan kaɗan kana kallon inda kumfa zai fito. Kaɗan nace. Duk tsarin ruwan motar bai wuce wajen bar 1 yake aiki ba, lambar na rubuce a kan murfin lagireto, kar ka wuce ta. Kwamfaresan mai faci yana ninka wannan sau da yawa, bugu ɗaya zai kumbura ta ya yage.

In kumfan daga gindin bututu ne ko daga gaɓar da tanki ya haɗu da jiki, wannan aikin mai gyaran lagireto ne, zai kankare ya like da dalma kuma zai riƙe shekaru. Ka nemi dattijo a cikinsu wanda ya yi zamanin lagireton tagulla, ba mai waldar ƙofa ba, wutar walda ta fi ƙarfinta. In hanya ɗaya ko biyu ce a tsakiya ta huje ana iya toshe su ta kai da kai a bar sauran, zafin zai ragu kaɗan ba za ka ma lura ba. Amma in ka taɓa siraran fukafukan nan ka ga suna marmashewa a hannu, ko kumfa na fita ta wuri biyar shida, to ta gama, kar ka zuba kuɗi, yau a like nan gobe can ya buɗe kuma kowane buɗewa sai an sake kwance dashbod. A nan sai ko a sa mata sabon ciki a mayar da tankunanta na asali, ko ka nemo wata. In ta hannu ce za ka saya ka tafi da taka ka gwada tsawo da faɗi da inda bututun suka fuskanta, kuma ka yi mata gwajin baho a gaban mai kayan kafin ka biya. Gam mai haɗi biyu, sabulu, ƙwai, garin rogo, barkono, taba, duk dabarun direba ne na ya kai gida, wanda ya zuba su a lagireto ya bar su shi ne ke toshe hita tun farko.

Tunda akwatin na waje ka yi komai lokaci ɗaya. Ka wanke shi, ka gwada fankar kai tsaye a batir, in tana kuka ka ɗiga mata ɗigon baƙin mai a bushin gaba da baya, ka liƙa sabon soso a gefen hitar da ƙofofin iska don kar ta riƙa gogar akwati tana jijjiga kuma iska ta bi ta cikinta ba ta gefe ba. Kafet ɗin ka fitar da shi gaba ɗaya da abin da ke ƙarƙashinsa ka shanya, ka duba ƙarfen ƙasan, in tsatsa ta fara ka kankare ka shafa jan fenti. Ruɓewar ƙasa ita ke kashe 504 da gaske, injin ana sake shi, gangar jiki in ta tafi ta tafi.

Kar ka haɗa tsabtatacciyar hita da injin mai laka. Tun tana dairek ɗin nan a wanke injin da babban lagireto har ruwa ya fito fari, a sa sabon murfi, a duba ko tamostat, ɗan abin da ke tare ruwa har injin ya ɗumama, na nan don na san da wuya in ba a cire shi an yar ba tuntuni da sunan wai ƙasarmu da zafi. A mayar da shi, in babu shi injin kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safe, ya sha mai, hitar ma iska mai sanyi sanyi za ta ba ka ka zata gyaran bai yi ba. Sai sabon tiyo da sabbin kilif, a ɗaure daidai kar a matse har bututu ya lotse. Ruwan da za ka zuba kulan ne, in mai kauri ne ka haɗa shi da ruwa mai tsabta kamar yadda aka rubuta a jikin galan, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, ruwan kuma ya zama tatacce wanda ake ƙara wa batir, marar asid, ka karanta jikin robar da kyau, ko ruwan sama da aka tace. Mu ba ƙanƙara muke tsoro ba, maganin tsatsar da ke cikinsa muke so, shi kuma ƙarewa yake, duk shekara 2 a canza.

Wajen cikawa ka sa gaban motar ya ɗan hau tudu, hita a buɗe zuwa ƙarshe, murfi a cire, ka tayar ka bar ta tana aiki kana ƙarawa har tiyon sama ya yi zafi kumfa ya daina fitowa, sannan ka rufe. Ka taɓa tiyon hita biyun, duka su yi zafi, in ɗaya zafi ɗaya sanyi akwai iska a ciki ko famfo bai buɗe ba. Kuma kar ka mayar da rediyo da murafu sai ka yi kwana biyu kana hawa da farin kwali a ƙarƙashin akwatin ka ga ko ɗigo babu. Bayan nan ko a watan Afrilu ne ka riƙa buɗe hitar na minti biyar sau ɗaya a wata don ruwa ya zagaya, zaman da take yi wata tara a rufe yana cikin abin da ke kashe ta.

Saura maganar Yaya, kuma a gaskiya ita ya kamata ka fara kafin ka kashe ko sisi bayan dairek ɗin. Daga saƙonka na fahimci ba a raba gadon motar nan ba. To ƙanena motar ba taka bace tukunna duk da kai ke hawa, haƙƙin magada ce gaba ɗaya, Inna na da tumuninta, kowane ɗa da 'ya na da rabonsa, kuma Yaya bai yi laifi ba don ya ce a sayar, ƙila yana da buƙatar da bai faɗa maka ba, ƙila kuma yana ganin kai kaɗai ke morar abin kowa kana kuma neman a haɗa maka kuɗin gyara. Son da kake wa motar Baba abu ne mai kyau amma ba ya soke haƙƙin kowa. Kar ka yi gardama da shi a gaban Inna, kuma kar ka sa ta zaɓi tsakaninku, shirun nan nata ya ishe ka amsa. Ka same shi shi kaɗai a gidansa da ladabi, ka ce Yaya na ji maganarka kuma kana da gaskiya a raba, abin da nake roƙo a yi mata kuɗi ni in saya. A kira mutum biyu da suka san kasuwar mota su yi mata ƙima a yadda take yanzu kafin gyara, a gaban wani baffanku ko malamin da ya raba muku sauran gadon, a cire rabonka a ciki, sauran ka biya ko a hankali ne, a rubuta a sa hannu da shaidu. Ka nuna masa kuma ɗan gwangwan kilo yake saye, 504 mai tafiya da takardunta ta fi haka kuɗi nesa ba kusa ba, wato ta hanyarka shi ma zai fi samu.

In ya amince, kuɗin gyaran daga aljihunka ne kar ka nemi ko kwabo a wurinsa. In kuma ƙimar ta fi ƙarfinka, ka roƙi a ba ka lokaci ka nemo mai saye da zai hau ta ba mai sassarawa ba, akwai masu neman irinta su adana. Ka fara yin gwajin kumfan nan gobe da safe ka turo min abin da ka gani da hoton ƙarƙashin murfin mai, daga nan zan gaya maka ko a kwance dashbod ko a fara da kan injin. Ka gaida Inna, Allah ya ƙara mata lafiya.